Duniyoyin da Auta ke aiko wa Baba

Ni ce ƴar fari a gidanmu, saboda haka na girma ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. Ƴan Yamai na yanzu, in na faɗa musu, sai su zaro ido su ce wane irin uba ne wannan. Uba ne kamar na kowa. Mu mutanen Dogondutsi ne, kuma a wajenmu ana kunyar ɗan fari. Ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a yabonsa ko me ya yi. Ni kuwa abin ya zo mini biyu, don sunan mahaifiyar Baba aka sa mini. In zai kira ni sai ya ce "ke". In yana maganata da wani, "waccan" ce ni, ko "babbar". Malamin lakwal ne fa, makarantar boko, duk unguwa Mushe ake ce masa yadda ake kiran malaman boko a wajenmu, yana gyara wa masu karanta labarai a rediyo Faransancinsu daga kan kujerarsa, ba ya fashin majami'a, amma duk wannan bai girgiza al'adar nan ba. Ban taɓa cewa uffan ba. Na dai sa a raina tun ina ƙarama cewa wata rana zai kira ni, shi da kansa, ko sau ɗaya ne.

Maza biyu suka biyo ni, kowa yanzu yana garin da aiki ya kai shi. Sai can da aka fid da rai Inna ta haifi Auta. Tabɗi! A kan yarinyar nan Baba ya fanshe duk abin da ya riƙe a kaina. A wuya yake ɗora ta ya zaga unguwarmu Lamorde da ita, ya saya mata alewa, ya dawo yana ba da labarin abin da ta ce wa mai kanti. Ni ke wanke mata kashi, shi ke yi mata waƙa. Sunanta kuwa bakinsa ba ya gajiya da shi, ni ce dai nake ce mata Auta a nan.

Ba zan ci haƙƙinta ba, yarinyar na da kai. Ni ma ina da shi, lissafi bai taɓa ba ni wuya ba, amma shekarar da ya kamata in wuce gaba Inna ta kwanta ciwo, sai na shiga makarantar koyon jinya don tana kusa da gida. Ita kuwa da lokacinta ya zo ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, ta samu buris, wato tallafin karatu, jirgi ya ɗauke ta sai Faransa. Da aka tambaye ta me take karantawa, ta ce duniyoyin da ke kewaya wasu taurari. Na ce, "Tamu ta ƙare ne?" Baba ya ce, "Ke, yi mana shiru."

Inna ta rasu, bayan ƴan shekaru mijina ma ya bi ta, sai na tattara na dawo gidan Baba. Na iske ciwon sukari ya cinye masa ido, kunnen dama ma ya fara tafiya. Ni ce allurar safe da ta yamma. Ni ce duba ƙafa, kada wani ɗan rauni ya ɓuya tsakanin yatsu. Ni ce faɗa da shi a kan shayi mai zaƙi da yake sa a sayo masa a ɓoye. Da safe in tsallaka gada zuwa gidan likita inda nake aiki, da yamma in tsallako a bayan kabu-kabu da kayan miya a cinya. Rumfar da yake zama a ciki, ni na je kasuwar Katako na zaɓi itacenta, na tsaya cikin rana ina ciniki da mutanen da suka raina mace mai sayen katako. Wayar da yake ji da ita ma ni na sayo a Zongo.

A wayar nan duniyoyin ke zuwa. Duk Lahadi, in mun dawo daga majami'a mun ci abinci, Baba zai sa a fito masa da kujera, ya gyara hula kamar mai jiran baƙo, ya ce, "Ke, Auta ta aiko?" Ta aiko. Wokal take yi, saƙon murya mai tsawo, Hausa da Faransanci a cuɗe. Tunda kunnensa ba ya kama muryar waya, sai ni in saurara, in tsayar, in sunkuya a kunnensa na hagu in maimaita masa da ƙarfi. Ka ji aiki! Ita ke da labari, ni ke da maƙogwaro.

Abin da ya fi ƙona mini rai, labarin na da daɗi. Da shirme ne da na ji sauƙi. Ta ce akwai wata duniya mai rana biyu, in da mutum zai iya tsayawa a can, inuwa biyu zai yi. Baba ya ce, "To, manomi ya shiga uku." Ta ce akwai wata shuɗiya kamar an tsamo ta daga marina, ka ce ruwa ne ya cika ta, alhali masana na jin abin da ke zubowa daga samanta narkakkiyar kwalba ce, iska na kora ta a kaikaice. Wannan sai da na maimaita masa har ya ƙoshi, yana ta cewa, "Kwalba? Kin ji da kyau kuwa?" Na ji da kyau, Baba, kunnena ƙalau.

Wata Lahadi ta kawo wadda ta matsa wa tauraronta sosai har shekararta ba ta kai kwana ɗaya namu ba. Baba ya zauna yana ƙirga shekarunsa a lissafin can, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ni na tashi na kawo ruwa. Wata kuma gefe ɗaya ke kallon rana kullum, ɗayan gefen duhu ne da ba ya wayewa, kuma a gefen zafin ƙarfe ke narkewa ya tashi tururi, iska ta kai shi wajen duhu ya zubo. Akwai baƙa ƙirin da ta fi gawayi. Akwai ƙatuwa wadda ba ta da nauyin kirki, ta ce kamar tulin auduga. Na iya su duka har yau, dole, tunda ta bakina suka bi.

Malami ba ya barin tambaya. Wata rana ya sa na aika mata cewa, abu mai nisa haka, da wane ido suke gani? Ta ce yawanci ba a ganinsu. Tauraron ake sa wa ido, in duniyar ta gifta ta gabansa haskensa ya ɗan ragu, kamar ƙwaro ya wuce gaban fitila, daga nan ake gane girmanta da tsawon shekararta. Baba ya shafa idanunsa da ba sa gani, ya ce, "Ashe su ma lalube suke yi." Ranar ya wuni cikin fara'a.

Ranar Litinin da la'asar kuma sai a buɗe aji. Alhaji maƙwabcinmu yakan zo, Bazabarme ne, tsohon ɗan kasuwa mai Hausar kasuwa da barkwanci, sai wani tsohon abokin aikin Baba da ke zuwa da sandarsa. Baba zai kwashe labarin jiya ya zuba musu, har da ƙarin gishiri, kowace jimla da "ƴata ta ce". Ni ina gefe ina tsinke zogale ko ina wanke masa safa. Sau ɗaya Alhaji, don tsokana, ya ce, "Mushe, wace ƴar? Ai biyu gare ka." Baba ko jinkiri bai yi ba, ya ce, "Ta Faransa mana." Alhaji ya dube ni ya yi ƴar dariyar jin kunya, ni kuma na ci gaba da matse safa.

Kishi nake, ba na ɓoyewa. Mace da furfura a kanta tana kishin yarinyar da ta goya. Na sani ba kyau, na yi addu'a a kai, bai tafi ba. Wani lokaci ina sunkuye a kunnensa ina ba shi labarin ruwan ƙarfe, in ga fuskarsa ta buɗe, irin buɗewar da ba ta taɓa yi mini ba, sai in ce a raina, ai muryata ce kake ji, tsoho, muryata ce.

Daga nan na yanke shawara ni ma zan nemo tawa. In an samu sararin hutawa a wajen aiki, abokan aikina na kallon bidiyon biki, ni ina karanta duniyoyi a waya, ina fama da Faransancin masana. Har na ci karo da abin da Auta ba ta taɓa kawowa ba. Ashe akwai duniyoyin da ba su da tauraro ko ɗaya. Ana jin an cillo su ne daga inda aka haife su, suna ta yawo su kaɗai cikin duhu da sanyi, ba fitowar rana ba faɗuwa. Na riƙe labarin nan kwana da kwanaki, ina gyara Hausarsa a raina a kan gada, ina zaɓen inda zan tsaya da inda zan ja murya.

Wata yamma ina yanke masa farcen ƙafa na ce, "Baba, ka san akwai duniyar da ba ta da rana?" Ya ɗago kai. Na zuba masa duka, yadda na shirya. Ya saurara, Allah ya sani ya saurara, har ya daina motsa ƙafa. Da na gama ya ce, "A ina kika ji?"

"Na karanta, Baba."

Ya ce, "To. A tambayi Auta in haka ne."

Da bakina na yi mata wokal ɗin tambayar. Lahadi amsa ta zo, tana murna: haka ne, Baba, Yaya ta yi gaskiya, Yaya ta burge ni! Na maimaita masa duka, ban rage ko kalma ba, har da wajen da ta yabe ni. Ya gyaɗa kai. Washegari Alhaji da mai sanda suka zo, ina jinsa daga madafa yana cewa, "Ƴata ta ce akwai duniyar da ba ta da rana." Ba wanda ya tambayi wace ƴar. Tukwane ne suka sha wuya a hannuna ranar.

Da damina Auta ta ce za ta zo bakansi, wato hutu. Baba ya sa aka shafe gidan da farar ƙasa, shi da ba ya ganin bango. Ya sa na kai babbar rigarsa wajen mai guga. Na shirya mata ɗaki, na kuma shirya fuskata, don na ɗauka za ta zo da hanci a sama. Ina! Tana sauka ta rungume ni tana kuka, ta kama hannuwana tana juya su, tana cewa, "Yaya, kin gaji, Allah ya saka miki." Ta kawo wa Baba na'urar awon sukari da takalma masu taushi, ni kuma mayafi da man shafawa. Da safe ta riga ni tashi ta share tsakar gida. Da ma ta zo da girman kai, da na samu abin riƙewa. Haka nan na yi ta jin haushin mutumin da bai yi mini komai ba.

Lahadin farko na yi dambu da kopto, zogale da ƙuli yadda Zabarmawa ke kwaɗa shi, don ta ce shi take mafarki a can. Baba ya gayyato Alhaji da abokin aikinsa su zo su ga mai duniyoyi da idonsu. Aka zauna a rumfa. Auta na jikin kujerarsa ta hagu, wajen da nake sunkuyawa, yau ba a buƙatar maƙogwarona. Ni ina ta kai da kawowa da ruwa da cokula.

Ana cikin ci sai Baba ya ce, "Wai ni, duk duniyoyin nan da kike aiko mini, ba ki taɓa faɗa mini sunan ko ɗaya ba. Mai kwalba, mai ƙarfe, haka muke ta cewa. Ba su da suna ne?"

Auta ta ce yawancinsu ba su da sunan kirki. Sunan tauraron ake ɗauka, shi ma sau da yawa lambobi ne kawai, sai a liƙa masa harafi. Wadda aka fara ganowa a ce mata b, ta bayanta c, haka har su ƙare.

Baba ya ajiye cokali. Malamin ya motsa. Ya ce, "Haba! Abu ƙato haka, Allah ya yi shi da ruwansa da iskarsa, a bar shi da harafi? Wannan ai raini ne. Abin da ka ɗauka da daraja, suna kake kiransa da shi."

Auta ta kwashe da dariya. Ta ce, "Baba, kai ke faɗin haka? Ga Yaya nan, tun da aka haife ni ban taɓa jin ka kira sunanta ba."

Abokin aikin Baba ya sunkuyar da kai, don shi ma mutumin wajenmu ne, ya san abin da aka taɓa. Alhaji ya yi gyaran murya ya ce, "Kai, bana kogi ya cika da wuri." Ni ina tsaye da butar ruwa a hannu, na ce, "Auta, bari."

Ba ta bari ba. Ta san al'adar sarai, ba baƙuwa ba ce, amma ta daɗe a inda ake ganin irin wannan tsohon yayi ne da za a iya karyawa da wasa. Ta kama hannunsa ta ce, "Ita ke yi maka komai, Baba. Ka kira ta. Sau ɗaya kawai, ni na roƙe ka."

Na sake cewa, "Na ce ki bari," amma muryata ba ta fita da ƙarfi ba. Gaskiya wani ɓangare na zuciyata ya tsaya cak yana sauraro.

Baba bai taɓa hana Auta abin da ta roƙa ba, ko alewa ko Faransa. Ya juya fuska wajen bango, ba ma wajen da nake ba, ya faɗi sunana. Cikakke ya faɗa, har da nasa a haɗe, da busasshiyar murya, yadda ake kiran ɗalibai a aji da safe. Saura kaɗan in ce, ga ni, Mushe.

Auta ta tafa hannu. Ita kaɗai ta tafa. Alhaji ya ƙura wa kwanonsa ido, Baba kuma bai ƙara kai cokali baki ba, can ya ce a kai shi ɗaki, kansa na ciwo.

Ta iske ni a madafa ina kankare tukunya, fuskarta sai sheƙi take. Ta ce, "Yaya, kin ji? Na san tun da daɗewa kina so."

Ban san lokacin da na juyo ba. Na ce, "Duniyoyi nawa gare ki? Ba su ishe ki ba?"

Ta ja da baya. "Yaya, don ke fa na yi."

"Wa ya aike ki? Ni nake jira, ba ke ba. Tun ba a haife ki ba nake jira. Abu ɗaya ne tak tsakanina da shi da ba ki da hannu a ciki, shi ma sai da kika sa. Ko sunana sai ke za ki roƙo mini, kamar kin roƙo mini sadaka a gaban baƙi?"

Ta fashe da kuka. Ni ban yi ba, sai da na shiga bayan gida na rufe ƙofa. Ba mu sake tayar da maganar ba har ta koma. Na yi mata kitso, na sayo mata kilishin tsaraba da yaji, na raka ta filin jirgi, muka rungumi juna. Ƙanwata ce, ina sonta, kuma har jirgin ya tashi ban huce ba.

Na ɗauka abin ya wuce da tafiyarta, Baba zai koma wa "ke" ɗinsa, mu yi kamar ba a yi ba. Ashe ba haka ba. Washegari da safe ina haɗa allura na ji an kira sunana daga ɗaki. Sai da na waiga ƙofar gida in ga wane baƙo ne. Shi ne. Daga ranar ya ɗora, in yana son ruwa, in yana neman takalmi, in waya ta yi ƙara. Kowane kira sai ya ɗan tsaya tukuna, ya kau da kai gefe, ya fito da sunan kamar mai haɗiye maganin zazzaɓi. Sunan uwarsa ne, sunan ƴarsa ta fari ne, ina ganin abin da yake ci masa. Ni ma ba ya yi mini daɗi ko kaɗan.

Na daure har na kasa. Wata yamma na durƙusa gabansa da allura, ya buɗe baki zai kira, na riga shi. Na ce, "Baba, ka bari. Ba sai ka kira ba, ina ji."

Ya juyo da kunnen hagu wajena, ya ce, "Auta ta ce kina so."

Na ɗage masa hannun riga, na goge wurin da auduga, na yi masa allurarsa.